Littafin aiki: lissafin mai matsakaicin tuli a bakin ƙofar kuɗi

11 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne rubuta 'yar ƙaramar manhaja da harshen kwamfuta na Python, wadda za a ba ta tulin kwabban wasa (ba na kuɗin gaske ba) na kowane ɗan wasa a gasar kati ta poka da jerin kyaututtukan gasar, ita kuma ta faɗi nawa kowane tuli yake daidai da shi a kuɗi. Tambayar da nake son ta amsa guda ɗaya ce. Saura mutum ɗaya a fitar kafin a fara biya, wato bakin ƙofar kuɗi, kai kuma tulinka bai kai na manya ba amma ya fi na masu neman rai, to da wane kati ya kamata ka shiga faɗan da zai iya fitar da kai?

Ga wanda bai san wasan ba, irin da nake nufi shi ne Texas Hold'em. Ana raba wa kowa kati biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiyar tebur don kowa. A kowane hannu, wato kowane rabon kati, mutum biyu ne ke zubin dole, ƙarami da babba, kuma zubin yana hawa da tafiyar lokaci. In wani ya tura kwabbai, na gaba ko ya amsa ya sa nasa a kara, ko ya jefar da katinsa. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita. Manyan gasanni sukan biya kusan kashi 15 cikin ɗari na waɗanda suka shiga, sauran su tafi hannu rabbana.

Wani abokin aikina ya leƙo allon kwamfutata a ofis, ya ce, "Malam, ba dai caca ka fara ba?" Na ce masa sisi ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Caca caca ce, hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne. Misali nake nema wa ɗalibaina na darasin yiwuwa, wanda a cikinsa naira ɗayar da ka rasa ta fi wadda ka samu nauyi. John von Neumann da Oskar Morgenstern ma da poka suka yi misali a 1944 lokacin da suke aza harsashin ilimin dabarun wasa.

18 ga Janairu

Ƙashin bayan manhajar ya tsaya. Tsarin da ake amfani da shi, wanda 'yan wasan ke kira ICM (Independent Chip Model, hanyar mai da tulin kwabbai zuwa darajar kuɗi), asalinsa daga sukuwar dawaki ne. David Harville ya buga shi a 1973 don ƙiyasta wane doki zai zo na biyu da na uku, sannan Mason Malmuth ya kawo shi poka a 1987. Zatonsa ɗaya ne: damarka ta zuwa na ɗaya daidai take da kasonka cikin dukan kwabban da ke wasa. Don a san na biyu, sai a cire wanda ya zo na ɗaya da kwabbansa, a sake rabon a kan waɗanda suka saura. Haka har ƙasa.

Gwajin farko na yi shi a kan tebur mafi sauƙi. Mutum huɗu, kowa da kwabo 2,500, uku za a biya: 50, 30 da 20. Kowane tuli darajarsa 25, wannan ko yaro ya sani. Sai na sa biyu daga cikinsu suka tura duka kwabbansu. Wanda ya ci ya koma 5,000, wato rabin kwabban tebur, amma darajarsa ba ta koma 50 ba, 38.3 ta tsaya. Ya sa 25 a haɗari don ya samu 13.3. Kafin faɗan nan ya biya shi, sai ya zama yana cin sa sau 65 cikin ɗari.

Ina sauran 11.7 ɗin suka tafi? Aljihun mutum biyun da suka naɗe hannu suna kallo. Kowannensu ya tashi daga 25 zuwa 30.8 ba tare da ya taɓa kwabo ba. An ce in giwaye biyu na faɗa ciyawa ke shan wahala, a nan kam ciyawar ce ke ƙiba.

AK, wato katin A da katin K, biyu mafiya girma, da ba iri ɗaya ba (zanensu daban), in ya gamu da kati biyun da aka zaro a makance, yana ci sau 65 da ɗigo uku. Ashe ko da wannan katin, da ƙyar aka dawo da uwar kuɗi.

26 ga Janairu

Yau na taɓa ainihin abin da ya kawo ni. Na karkata teburin, na sa wa 'yan wasan suna A, B, C da D: A yana da 5,000, B 2,500, C 2,000, D kuma 500 kacal. Kyaututtuka kamar da. Manhajar ta ba A 37.6, B 28.7, C 25.8, D 7.9. Na bi lissafin da biro a takarda, ya fito daidai.

Tun daga nan abu ya fara bayyana. A ya ninka B a kwabbai amma bai fi shi da ko 9 ba. D yana riƙe da kashi 5 na kwabbai amma darajarsa ta kusa 8. Kwabon ƙarshe da ke hannun mutum shi ne mafi tsada, wanda yake saman babban tuli kuwa araha ne.

Sai na haɗa su faɗa biyu-biyu, ban sa zubin dole ba tukuna. In B ya amsa wa A, ya ci, ya koma 37.6, ribarsa 8.9. In aka ci shi ya fita da sifili, asararsa 28.7. Yana bukatar kashi 76. Shi kuwa A, a wannan faɗan dai, kashi 55 da rabi ya ishe shi, don ko an ci shi yana nan zaune da 2,500. D in ya kara da A, kashi 58 yake bukata. Wato mai kuɗin tebur da matalaucin tebur kusan a sake suke, na tsakiya ne aka ɗaure wa hannu. Dalilin a fili yake: B ya riga ya kusa mallakar 20 ɗin nan ta na uku, tunda D na gab da faɗuwa. In ya fita kafin D, ya miƙa masa ita kyauta.

Kashi 76 ba wasa ba ne. Ko a ce A yana tura duka da kowane kati ba ya ko dubawa, AA (katin A guda biyu) na cin makahon hannu sau 85 cikin ɗari, KK 82, QQ 80, JJ 77 da rabi, TT (goma biyu) 75. Daga JJ zuwa sama kaɗai suka haye. AK iri ɗaya 67 ne, sai a jefar da shi. Na san akwai wanda zai ce jefar da AK gaban mai tura shara tsoro ne. Ni dai abin da alƙaluma suka ce nake rubutawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne B ɗin nan ɗaya, in aka sauya masa abokin karo. Da D, kashi 52 kawai yake bukata, kusan kamar babu ƙofar kuɗi a gaba. Da C kuwa 63. Amma C in zai amsa wa B, sai ya samu 72. Kwabo 500 ne tsakaninsu, sai dai ɗaya in an ci shi yana da sauran numfashi, ɗayan kuma ya tashi daga kujera. Saboda haka tambayar farko a wajen na tsakiya ba "wane kati na riƙe?" ba ce. Tambayar ita ce, mutumin nan da ke gabana, zai iya fitar da ni ko ni zan iya fitar da shi?

2 ga Fabrairu

Na saka zubin dole, 150 da 300. A na kan ƙaramin zubi ya tura duka, B na kan babba. In B ya jefar, ya koma 2,200, darajarsa 27.3. Abin da yake bukata ya sauko zuwa 72 da rabi. TT ya shigo, 99 da ke da 72 ya tsaya a bakin layi, AK har yanzu a waje. A wasan da kwabo yake daidai da kuɗi, 2,200 zai sa don tukunyar 5,000, wato jimlar abin da aka zuba a tsakiya, kashi 44 ya wadatar. Tazarar da ke tsakanin 44 da 72 ita ce harajin zama a tsakiya.

TT zuwa sama hannaye 30 ne cikin 1,326 da ake iya rabawa. A zai kwashe 300 ɗin nan kusan sau 98 cikin ɗari babu mai ce masa uffan.

9 ga Fabrairu

In mutum ya karanta abin da ke sama ya tsaya, zai ɗauka shawarar ita ce na tsakiya ya rufe ido ya jira wani ya faɗi. Yawancin masu koyo a nan suke tsayawa, kuma a ganina rabin karatu suka yi. Igiyar da ta ɗaure B gaban A, ita ce ta ɗaure C gaban B.

Na juya kujeru. A da D sun jefar, B na kan ƙaramin zubi, C na kan babba. In B ya jefar shi ma, darajarsa 27.9. In ya tura duka C ya jefar, 30.3. Ribar 2.4 ce, ba yawa. To sau nawa C zai amsa? Da zubinsa a ciki yana bukatar kashi 66 da 'yan kai, wato daga 88 zuwa sama da AK iri ɗaya, hannaye 46, kusan kashi 3 da rabi. Na ba B mafi munin kati, 7 da 2 da ba iri ɗaya ba. In an amsa masa yana asarar kusan 11 da rabi, amma sau uku ko huɗu ne cikin ɗari. Sauran lokutan yana ɗaukar 2.4 ɗinsa. Turawa ta fi jefarwa nesa ba kusa ba, da kowane kati.

Wanda ya fara turawa yana da hanya biyu ta ci: a jefar masa, ko a amsa katinsa ya yi nasara. Mai amsawa hanya ɗaya gare shi. Wannan ya sa hannun da B zai jefar in A ya riga shi, ya fi wanda zai tura wa C da shi ƙarfi sau da yawa, kuma babu saɓani a ciki.

Akwai sharaɗi, kuma babba ne. Duk wannan ya rataya ne a kan C ya san lissafin kuma yana tsoron fita. Na sa C ya zama mai taurin kai, yana amsawa da rubu'in hannayen da ake raba masa. Ribar turawa da 7 da 2 ta ɓace, har ta ɗan leƙa ƙasa da sifili. C ɗin bai ci riba da taurin kansa ba, shi ma asara ya yi. A da D ne suka raba abin da su biyun suka zubar. Ba a cika samun wasan da kuskuren abokin hamayyarka yake cutar da kai haka ba, kuma wannan ne ɓangaren da zan fi daɗewa a kai a aji.

Na kuma duba ma'aunin M, wanda Dan Harrington, zakaran babbar gasar duniya ta 1995, ya yayata: tulinka a raba da abin da zagaye ɗaya ke ci. Na B 2,500 a raba da 450, bai kai 6 ba, ya faɗa jan yanki inda ake cewa ka nemi wurin tura duka tun kafin zubi ya cinye ka. Shawarar ta yi daidai muddin kai ne na farkon shiga. Abin da M ba ya gani shi ne D da 500 ɗinsa. Zama na tsakiya ba da zubin dole ake auna shi ba, da tulin maƙwabta ake aunawa.

16 ga Fabrairu

Gajeren gwaji. Akwai gasannin share fage da kyautarsu kujera ce a babbar gasa, kowa iri ɗaya, kamar wadda Chris Moneymaker ya bi ta intanet ya shiga gasar duniya ta 2003 har ya ci dala miliyan 2.5. Na mai da teburina kujeru uku daidai wa daida. Damar B ta samun kujera kusan kashi 90 ce yana zaune. In ya ci A ta koma 97. Yana bukatar kashi 92, AA kuwa 85 ne. A nan har AA jefarwa ake yi.

23 ga Fabrairu

Manhajar ta fara nishi. Hanyar Harville tana bin kowane jerin da mutane za su iya ƙarewa a kai. Mutum tara jeri 362,880 ne, goma kuma 3,628,800. Na sake rubuta ta yadda za ta riƙa ajiye amsar kowane rukuni na waɗanda suka saura maimakon ta sake lissafa shi, hakan ya kai ni wajen mutum 20, inda rukunan suka haura miliyan ɗaya. Gasar da ta saura mutum ɗari ko dubu ba ta wannan hanyar ba.

Mafita ita ce ƙuri'a. A ba kowane ɗan wasa lamba ta kai-tsaye tsakanin sifili da ɗaya, a ɗaga ta zuwa ƙarfin ɗaya bisa tulinsa, a jera daga babba zuwa ƙarami. Jerin da ya fito yana bin rabon Harville sak. A maimaita sau da yawa a ɗauki matsakaici. Na gwada a kan teburin mutum huɗu, amsoshin suka zauna a kan 37.6, 28.7, 25.8 da 7.9. Layi kaɗan ne a Python, ya fi na farkon kyan gani ma.

Azumi ya ƙarato, zan ajiye aikin sai bayan Sallah.

6 ga Afrilu

Na dawo da tambayar da ta tsaya mini a rai: shin 76 ɗin nan tana aiki a babbar gasa, ko ta tebur ɗaya ce kawai?

Na ɗauki babban wasan gasar duniya ta WSOP (World Series of Poker) na 2023 a Las Vegas. Kuɗin shiga dala 10,000, mutum 10,043 suka shiga, kowa ya fara da kwabo 60,000. Jimlar kyauta dala 93,399,900, an biya mutum 1,507, mafi ƙanƙantar kyauta 15,000, Daniel Weinman ya tafi da miliyan 12.1. In ka raba, matsakaicin tuli a bakin ƙofar kuɗi kusan kwabo 400,000 ne, darajarsa kuma wajen dala 62,000.

Bambancin ya fito tun daga nan. A teburina ƙaramar kyauta 20 ce, darajar B 28.7, wato fiye da kashi biyu bisa uku na abin da ya mallaka a rataye yake da ƙofar. A Las Vegas mai 400,000 rubu'in darajarsa ne kawai a rataye. Na yi lissafin tsaye, na ɗauka 15,000 ta tabbata ga duk wanda zai iya jira, saura kuma yana tafiya da yawan kwabbai. Mai 400,000 yana da 15,000 da 47,000. In ya ninka ya koma 109,000, yana bukatar kashi 57. Mai 100,000 yana da kusan 26,750, in ya ninka 38,500, yana bukatar 69. Alƙaluman gaskiya za su ɗan bambanta da waɗannan tunda saman ma ba a miƙe yake tafiya ba, amma inda suka nuna ba zai sauya ba.

To ashe a babbar gasa wanda ya fi shan matsi ba mai daidai matsakaicin tuli ba ne. Shi ne wanda tulinsa ya isa ya kai shi cikin kuɗi yana zaune, amma bai isa ya sa 15,000 ta zama ƙaramin abu a wajensa ba. Mai 400,000 da ya ƙulle kansa na awanni don dala 15,000, yana barin manya suna yagar zubinsa, yana sayar da damar miliyoyi a kan araha. Shi ya kamata ya zama mai matsa wa masu 100,000 da 150,000, ya kauce wa wanda ya fi shi kawai.

Wani abin da babbar gasa ke da shi: in aka zo gab da ƙofa, sai a koma wasan hannu-hannu. Kowane tebur ya buga hannu ɗaya, mai rabo ya miƙe tsaye, a jira sauran tebura su gama kafin a sake rabawa. An yi haka ne don hana masu jan lokaci da gangan. Ga na tsakiya, amfaninsa shi ne yana iya sanin ko akwai masu kwabo kaɗan a wasu teburan da zubi zai cinye nan da hannu biyu ko uku. In suna da yawa, jira na da daraja. In babu, ƙofar za ta iya daɗewa ba ta buɗe ba, zubinsa kuma na tafiya.

13 ga Afrilu

Inda ICM ke da rauni ya fara damuna, don duk a kan na tsakiya raunin ke sauka. Hoto ne na lokaci ɗaya. Bai san wa zubi zai faɗa wa a hannu na gaba ba. D mai 500 da babban zubi zai hau kansa yanzu, da D mai 500 da zubi ya wuce shi yanzun nan, duka 7.9 yake ba su, alhali na farko zai sa fiye da rabin tulinsa dole. A hali na farko B ya kamata ya ƙara tsuke hannu, a na biyu ya ɗan sassauta. Bai kuma san cewa in B ya ninka ya zama babba, shi zai koma yana kwasar zubin mutane sau 98 cikin ɗari ba. Wannan riba ce ta gaske da lissafin bai sa a sikeli ba, kuma tana nufin 76 ɗin ta ɗan yi tsauri. Gwaninta ma bai san da ita ba, kowa ɗaya ne a wajensa.

Manhajojin da 'yan wasa ke saye, irin su ICMIZER da HoldemResources Calculator, suna rage wannan matsalar ta hanyar buga wasu hannaye na gaba a cikin kwamfuta kafin su koma ga Harville. Shi zan gwada yanzu a kan teburin mutum huɗu, da zaɓi biyu kawai ga kowa, turawa ko jefarwa. Kafin nan ina bukatar jadawalin yadda kowanne cikin nau'o'in hannu 169 ke karawa da kowanne. Na sa kwamfutar ta fara haɗa shi tun da yamma. In ya kammala, gwajin farko shi ne D a kan babban zubi a hannu mai zuwa, sannan D da zubi ya wuce, in ga nawa 72 da rabin B za ta motsa tsakanin biyun.